Raya Gari Tsakanin Baitulmali da Aikin Gayya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya gudanar da ƙoramu a cikinta, Ya zaunar da bayinSa a garuruwa da ƙauyuka. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda ake yawan jayayya a kanta a majalisu da ƙofofin masallatai. Idan gari ya lalace, watau magudanan ruwansa suka toshe, kasuwarsa ta mutu, makarantarsa ta rushe, samarinsa suka watse ci-rani, to, wa Shari'a za ta kama da alhakin tayar da shi? Wani ya ce Gwamnati, tun da ita ke riƙe da dukiyar jama'a. Wani ya ce mutanen garin, tun da su ruwa zai ci. Kowane ɓangare na da gaskiya a bakinsa, amma kuma kowanne yakan ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ya bar ɗaya rabin. Malamanmu na fikihu sun daɗe da warware wannan magana, har sun yi wa kowa iyaka.

Mu fara daga tushe. A cikin Suratu Hudu, Annabi Salihu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tunatar da Samudawa cewa Allah ne Ya ƙage su daga ƙasa, kuma Ya nemi su raya ta. Malaman tafsiri sun fahimci cewa wannan nema ne daga Ubangiji, saboda haka gina gidaje da haƙa rijiyoyi da dasa itatuwa da gyaran hanyoyi duk suna cikin abin da aka ɗora wa ɗan Adam. Wani abin mamaki ga mai nazarin Larabci shi ne, daga wannan kalma ta raya ƙasa Larabawan zamani suka ciro sunan da suke kiran mulkin mallaka da shi, watau isti'imari, domin Turawa da suka zo cewa suka yi raya ƙasa ya kawo su. Kalma mai tsarki ke nan ta faɗa hannun da bai dace ba. Wannan ma ya isa ya sa mu riƙa tambaya, duk lokacin da aka ce za a raya mana gari: wa zai yi, da dukiyar wa, kuma wa zai ci moriya?

Domin kada maganarmu ta tsaya a iska, bari mu ɗauki ƙasar Haɗeja ta Jihar Jigawa, inda wannan mas'ala take a fili kowace damina.

Arzikin Haɗeja da garuruwan da ke kewaye da ita, kamar Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri, a jikin kogi yake. Kogin Kano da na Challawa su ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim, ya zo ya bazu cikin fadamu, kafin ya haɗu da na Jama'are su nufi Gashuwa da Tafkin Chadi. A da, kogin yakan cika da damina ya malale fadama, ya bar wa manomi taki, ya bar wa masunci kifi, ya bar wa makiyayi ciyawa, sa'an nan da rani ya janye har ƙasarsa ta bushe. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma gama ta Challawa a 1992, sai halin kogin ya sake. Ba wanda zai musa amfanin waɗannan madatsai, domin da su birnin Kano ke shan ruwa, da su kuma ake noman rani a Kadawa da Kura. Amma babbar ambaliyar da takan wanke hanyoyin ruwa ta ragu, kuma ruwa kaɗan-kaɗan ya riƙa gudana rani da damina ba yankewa. Yashi da taɓo suka taru. Ciyawar nan da ake kira kacala, wadda ba abin da take so kamar ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa, ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa irin su Burum Gana da tsohon kogin Haɗeja, ruwa ya karkata ta Marma zuwa wajen Nguru. Sai ga shi wasu gonaki sun nutse shekara da shekaru, wasu kuwa ko ɗigo ba ya isa gare su. Tsuntsayen jan-baki suka mai da kacalar masauki, suna fitowa suna cinye shinkafa da gero. Gari kuwa idan gonarsa da kamun kifinsa suka mutu, kasuwa ce ke biye, daga nan sai samari su kama hanyar Legas da Fatakwal.

Abin da jama'ar wannan yanki suka yi ya cancanci a rubuta. Ƙauyuka sun riƙa haɗuwa suna shiga ruwa da lauje da adda da kwale-kwale suna yanke kacala domin su buɗe wa ruwa hanya. A ambaliyar 2020 da ta 2022, lokacin da ruwa ya tasam ma garin Haɗeja kansa, samari da magidanta sun kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa suna jerawa, masu hali suna aiko da buhuna da man mota, mata suna dafa abinci. Ta ɓangaren hukuma kuwa, a 2006 jihohi shida da ke cin moriyar wannan ruwa, watau Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, sun haɗu da Gwamnatin Tarayya suka kafa asusun amana domin kula da kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe. Bayan ambaliyar 2022 kuma Gwamnatin Jigawa ta samo injinan yashe kogi masu aiki a cikin ruwa, tana kuma taimaka wa ƙungiyoyin aikin gayya da buhuna da kayan aiki.

To, ina Shari'a ta ajiye iyakar kowa a irin wannan aiki?

Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 182 bayan Hijira, ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid littafin Kitabul Kharaj, kuma a ciki ya yi maganar yashe koguna kamar yana kallon Haɗeja. Ya kasa aikin kashi uku. Toshe ɓaraka da gina jinga a manyan koguna irin Dijla da Furat, wannan kacokan a kan baitulmali yake, ba a ɗora wa manoma ko kwabo, domin maslaha ce ta Musulmi gaba ɗaya. Manyan hanyoyin ruwa da aka janyo daga waɗannan koguna, idan suka bukaci yasa, sai a raba kuɗin tsakanin baitulmali da masu amfana. Ƙananan magudanan da kowa ya ja zuwa gonarsa ko lambunsa kuwa, wannan na mai gona ne shi kaɗai. Ya kuma yi wa Halifa gargaɗi kada ya damƙa kuɗin irin wannan aiki sai ga mutum mai tsoron Allah wanda aka san amanarsa, domin maci amana zai cinye kuɗin ya bar ɓaraka a buɗe har ruwa ya halaka amfanin gonar mutane. Ko da yake mu nan Malikawa ne, wannan rabo ba ya saɓa wa ƙa'idodin mazhabarmu, kuma hankali ya yarda da shi.

Bisa ga wannan, yashe babban kogin Haɗeja, da kula da yadda ake sakin ruwa daga Tiga da Challawa, da sanar da mutanen ƙasa kafin a saki, da gina jinga mai ƙarfi wadda injiniyoyi suka auna, duk wajibin hukuma ne. Talaka da laujensa ba zai iya yashe kogin da ya ratsa jihohi ba, kuma ba shi ya datse ruwan ba balle a ce ya gyara abin da datsewar ta haifar. Idan hukuma ta yi wannan aiki, bashi ta biya. Saboda haka yawan kiɗa da roƙo da ake yi wa shugabanni ranar buɗe irin waɗannan ayyuka, har a riƙa cewa wane ya yi mana kyauta, yana ɓata tarbiyyar mai mulki da wanda ake mulka baki ɗaya. A gode wa wanda ya kyautata, wannan ladabi ne na Musulunci, amma a san cewa dukiyar ta jama'a ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa gina garuruwa masu ganuwa da gadoji da kula da kasuwanni da hanyoyi da tallafa wa masu sana'a a cikin wajiban shugaba, bai sa su a babin kyauta ba.

Amma fa magana ba ta ƙare a nan ba, domin Imamu Mawardi, wanda ya rasu a 450 bayan Hijira, ya kawo ɗaya ɓangaren a babin hisba na littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya. Ya yi misali da garin da ruwan shansa ya lalace, ko ganuwarsa ta rushe, ko masallacinsa ya faɗi. Ya ce idan akwai dukiya a baitulmali, daga can za a gyara. Idan babu, nauyin ya koma kan masu hali na garin gaba ɗayansu, ba tare da an ware mutum guda an ɗora masa ba. A tara su, kowa ya ɗauki abin da zai iya da daɗin rai, wanda ba shi da kuɗi ya taimaka da ƙarfinsa. Wannan shi ne abin da malamai ke kira farilla ta kifaya: idan wasu suka tsaya da ita har ta wadatar, an ɗauke wa saura, idan kowa ya naɗe hannu, kowa ya yi laifi. Don haka mutumin da ruwa ya zo ƙofar garinsu, ya zauna a kan tabarma yana zagin Gwamnati alhali yana da lafiyar ɗaukar buhu, zaginsa ba zai sauke masa farillar ba. Sakacin hukuma laifinta ne, za ta amsa a gaban Allah, amma bai zama uzuri ga mai iko ya bar gidan maƙwabcinsa ya rushe ba.

Mafi kyawun misalin haɗuwar ɓangarorin nan biyu yana cikin Suratul Kahfi, wadda muke karantawa kowace Juma'a, watau ƙissar Zulƙarnaini. Mutanen da ya tarar a tsakanin duwatsu biyu sun kai masa kukan ɓarnar Yajuju da Majuju, suka yi tayin su tara masa dukiya ya gina musu katanga. Sai ya ƙi karɓar dukiyarsu, ya nuna musu cewa abin da Ubangijinsa Ya hore masa ya fi, amma ya nemi su taimake shi da ƙarfinsu, su kawo guntayen ƙarfe, su hura wuta. A lura da kyau. Sarki ne wanda Allah Ya ba shi hanyar kowane abu, yana da runduna, da ya so da ya sa sojojinsa sun gina musu suna zaune. Bai yi haka ba. Ya kawo ilmi da tsari da dukiya, su kuma suka kawo hannu, katanga ta zama tasu. Imamu Ƙurɗubi, babban malamin tafsiri na Malikiyya, ya ciro daga wannan ƙissa cewa wajibi ne a kan shugaba ya tsare jama'arsa ya toshe musu kafofin cuta daga dukiyarsu da ke hannunsa, kuma ba a waiwayar aljihunsu sai taskar ta ƙare.

Haka kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi a shekara ta 5 bayan Hijira, lokacin da Salmanul Farisi ya ba da shawarar a haƙa ramin Handaƙu. Masu tarihi sun ce ya yanka wa kowane mutum goma kamu arba'in, kowace ƙungiya ta san farkon rabonta da ƙarshensa. Shi kansa ya shiga rami yana ɗibar ƙasa har ƙura ta rufe masa ciki, ga yunwa ga sanyi. Munafukai kuwa suka riƙa sulalewa gida ba izini. Darasin da ke nan ga masu unguwanni da dagatai da shugabannin ƙungiyoyi shi ne, gayya tana bukatar rabo bayyananne, kuma babba ya fara tuɓe riga. Kakanninmu sun san wannan. Ganuwar Kano da ta Zariya da ta Haɗeja kanta ba 'yan kwangila suka gina su ba, kuma bayan damina jama'a ake tarawa a gyara inda ruwa ya zubar.

Yanzu sai mu zo kan cututtukan da ke kashe irin wannan haɗin gwiwa, domin a nan ne aka fi samun zamewa.

Akwai hukumar da takan fake da gayya ta gudu daga wajibinta. A ware kuɗin aiki a kasafi, sa'an nan a tara talakawa su yi shi kyauta, a ɗauki hoto, kuɗin kuwa ya bi ta wata hanya. Wannan zalunci ne ninki biyu, an ci dukiyar mutane an kuma ci guminsu. Gayya kuma ba ta zama gayya sai da yardar mai yi. Tsofaffinmu ba su manta da ɗiban gwamna ba, lokacin da aka riƙa kwasar mutane ƙarfi da yaji zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944. Duk aikin da aka fito da talaka da barazanar tara ko ɗauri, aka kuma ƙyale ɗan mai kuɗi yana barci, ya fi kusa da wancan fiye da Handaƙu.

Akwai kuma cutar da kuɗin Gwamnati kan zo da ita cikin gari. Mutanen da jiya suke yashe kwata don Allah, yau da suka ji an turo kuɗi sai kowa ya ajiye shebur ya ce sai an biya shi. Ƙungiya ɗaya ta rabu uku, kowace da shugabanta da hatiminta. A nan ina ganin hikima a tsarin da aka bi a shirin raya al'umma na CSDP, wanda Gwamnatin Tarayya da jihohi da dama suka gudanar da tallafin Bankin Duniya daga 2009 zuwa 2021. A wannan tsari jama'ar gari ne ke zaɓar aikin da suka fi bukata, ko rijiyar burtsatse ko ajin makaranta ko ɗakin shan magani, su zaɓi kwamitinsu, su kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin, ko da ta hanyar yashi da dutse da aikin hannu ne, hukuma ta cika sauran. Wanda ya ɗauki yashin gini a kansa ba zai ga yaro yana ɓalle tagar ajin ya wuce ba. Abin da aka saukar wa mutane daga sama kuwa ba da shawararsu ba, shi ne ake kira kayan Gwamnati, kalmar da a bakin mutanenmu ta koma nufin abin da ba shi da mai shi. Alhali a Shari'a kayan Gwamnati ya fi kowane kaya yawan masu shi, har da maraya da jaririn da aka haifa jiya.

Daga nan sai amanar kwamiti. Ya kai ɗan'uwa da aka zaɓa ma'aji ko sakatare, ka sani buhun siminti ɗaya da ka karkatar zuwa gidanka ya fi satar kasuwa muni, domin ɓarawon kasuwa mutum ɗaya zai nema ya yafe masa, kai kuwa gari guda za ka bi gida-gida. Imamu Muslim ya ruwaito daga Adiyyu ɗan Amira cewa Annabi ya yi gargaɗi, duk wanda aka sa shi wani aiki ya ɓoye ko da allura ce, zai zo da ita ranar Alƙiyama a matsayin haram da ya ci. Ƙissar Ibnul Lutbiyya kuma sananniya ce, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana ware wani abu da sunan kyautar da aka ba shi, Annabi ya hau mumbari ya yi tir da haka. Don haka abin da ɗan kwangila ko mai sayar da bulo zai miƙa wa ɗan kwamiti da sunan goro, hukuncinsa ke nan. Maganin zargi kuwa sauƙi gare shi: a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a, a manna takardar a ƙofar fada. Mai gaskiya ba ya jin haushin lissafi. Amma idan kwamiti ya ga akwai masu aikin da suka bar neman abincin iyalinsu kwana da kwanaki, ya yanka musu wani abu a fili da sanin kowa, wannan halal ne, kuma ba ya ɓata ladar wanda niyyarsa ta gyaru.

Wata mas'ala da ta shafi garuruwan bakin kogi musamman ita ce, ruwan da ka tare ba ɓacewa yake yi ba, wani wuri zai nufa. Sau da yawa jingar da ta ceci wannan gari ita ke tura ruwa gonakin wancan, har a kai ga wasu su tafi da dare su fasa ta wasu. Hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa mai hana cuta da cutarwa ya hau kan wannan kai tsaye. Mawardi ma ya ce jama'a na iya gina abin da ya rushe ba sai sun nemi izini ba, amma rushe abin da ya shafi gari duka, kamar ganuwa, ba ya halatta sai da izinin shugaba. Fasa jinga ko karkatar da hanyar ruwa ya fi kama da wannan na biyu. A nan ne ake bukatar Masarauta da ƙananan hukumomi da ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are su zaunar da na sama da na ƙasa tun da rani, a yi shawara lokacin da ruwa ya janye kuma zukata suke kwance, domin a watan Agusta ba mai sauraron wani.

Saura tambaya ɗaya da attajirai kan yi: ko ya halatta mutum ya ba da zakkarsa a sayi buhuna da siminti na jinga, ko a gyara kasuwa da ita? A mazhabar Malik amsa ita ce a'a. Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na masu cin zakka, kuma Shaihu Halil a Mukhtasar ya ambata a sarari cewa ba a gina ganuwa da ita, ba a kuma sassaƙa jirgi, alhali waɗannan kayan tsaron gari ne. Jinga da kwata da rumfar kasuwa sun fi cancantar wannan hani. Abin da ya halatta shi ne a ba da zakkar ga matalautan da ambaliya ta rushe wa gidaje ko ta cinye wa gonaki, a damƙa musu a hannu ta zama mallakarsu, da waɗanda bashi ya kama saboda asarar amfanin gona. Aikin gari kuwa ƙofarsa ita ce sadakar ganin dama da wakafi, irin yadda Sayyidina Usman ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, gugansa daidai da na kowa. Mai halin da ke son ya shiga wannan aiki yana iya tsayar da hayar shago ɗaya ko amfanin gona ɗaya ya zama wakafi domin gyaran jinga da yasar magudanai kowace shekara, a rubuta a gaban alƙali da shaidu, a kuma naɗa mai kula da shi wanda ba ya cikin magadansa.